Gayyar Malama Elisabatu

Malama Elisabatu 'yar Wusasa ce. Ta zo Kano ana shirin karɓar mulkin kai, ta kama koyarwa a wata 'yar firamare a gefen Nasarawa, inda kuku-kuku da direbobi da masu gadin gidajen Turawa suke kai 'ya'yansu. Makarantar ba ta da katanga sai darni, shi ma awaki sun cinye rabinsa.

Ta nan wani mutum ya shigo wata rana. Mai gadi ne da aka sallama, hankalinsa ya taɓu, ya ɗauko bindigar farautar maigidansa ya harba cikin filin wasa. Elisabatu ta kora yara aji, ta tokare ƙofa da bayanta har aka kama shi. Wadda harsashi ya kashe kafin ta kai ƙofar ita ce Mairo, 'yar Malam Zubairu, sabon ma'aikacin gwamnati da bai daɗe da dawowa daga jami'a ba.

Iyaye suka janye 'ya'yansu. Malamai suka ce su ma ba za su ƙara tsayawa a fili haka ba. Hedimasta ya fara zancen rufe makarantar.

Ranar sadakar uku Elisabatu ta je gidan rasuwa. Maimakon ta shige wurin mata, sai ta cire takalmi ta durƙusa a gefen tabarmar maza.

"Malam, ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji Zubairu.

Baba Sule, tsohon kuku, ya yi gyaran murya. "Malama, mata suna ciki."

"Na sani, Baba. Amma masu kwaɓa ƙasa a waje suke. Gayya na zo kira, mu zagaye makaranta da katanga."

"A zaman makoki? Yarinyar nan!"

"To a ina zan same ku a haɗe? Gobe kowa yana kicin ɗin Baturensa."

Kowa ya dubi uban Mairo. Elisabatu ta sunkuyar da kai. Ta san in ya kau da fuska, makarantar ta tashi ke nan.

Zubairu ya dube ta. Ya ce, "Katangar za ta fi tsayin mutum?"

"Za ta fi, Malam."

"To, da ni."

Gayya ce ba kiɗa. Masu gadi suka haƙo ƙasa, mata suka ɗebo ruwa, malamai suka naɗe wando suka shiga kwaɓi. Baba Sule ya ɗaga tubalin da Zubairu ya mulmula.

"Malam, wannan tubali ne ko ƙosai?"

Zubairu ya yi murmushinsa na farko tun rasuwar. Elisabatu ta karɓi tubalin, ta ce a sa shi haka a gindin ƙofa.

Da katanga ta bushe, yara suka dawo da ɗai-ɗai. Zubairu da kansa ya riƙo hannun Binta, ƙanwar Mairo, ya kawo ta. Elisabatu tana tsaye a bakin ƙofa ta karɓe ta, kuma a nan take tsayawa kowace safiya har ta bar aiki.