Lakar bakin tafki

Damina bakwai ke nan da shigar Nasara Sakkwato, biyu da shekarar da fara ta cinye geron Araba. Mun tashi da asuba daga Illela, ni a kan jaki, dattijai biyu masu yi mini shaida suna biye a ƙasa.

Abin da ya fitar da ni laka ce. In ruwan tafki ya ja baya, inda ya bari nake dasa albasa, wurin da ubana ya kafa turke tun ban yi wayo ba. Bana Sarkin Ruwa ya ce tunda mutanensa masunta na kamun kifi a wurin da damina, ƙasar ma tasa ce. Hakimi ya ce sai Bature.

Kwana uku muna tafiya cikin yashi. Furar Gwadabawa, ruwa ne aka nuna wa gero. Ƙuguna har yau bai yafe wa jakin nan ba.

A Sakkwato muka yi kwana huɗu gindin durumi kafin a kira mu. Bature ja wur, yana ta zufa. Tafinta ya ce, "Inna, ana tambaya, jirgi na bin ruwan? In yana bi, hanya ce, ƙasar ta hukuma ce, ba gado."

Na ce, "Jirgin mi, ɗan nan? Gora masunta ke hawa, su kwanta kansa da ciki."

Bature da mutanensa suka yi rabin yini suna gardama ko gora jirgi ne. Da na gaji na ce, "A kawo gora Bature ya hau. In ya ɗauke shi, na bar musu."

Tafinta ya haɗiye dariya, ban san mi ya faɗa masa ba. Aka yanke: in da ruwa na masunta ne, in ya janye nawa. Abin da kowace tsohuwa a Illela ta sani ke nan. Aka ba ni takarda.

Ran goma muka iso gida. Ban ko sha ruwa ba na wuce bakin tafki. Laka ta bushe, ta tsage har ƙafa na shiga. Irin albasata ya yi ƙwari a wurin reno, ya wuce dashe. Ashe laka ba ta jiran shari'a.

Cikin waɗanda suka ga an kafa turken nan, saura ni da shaiduna biyu, ɗaya ma ba ya gani. Takardar na cikin tukunya. Albasa sai baɗi, in muna nan.