Takardar Zaman Laraba 'Yar Kumasi

Duk wanda ya riƙa bin hanyar tashar Tawa da safe a shekarun farko na mulkin kai ya san Laraba 'Yar Kumasi, Allah ya jiƙan ta. Ita ce mai koko da ƙosai a gindin aduwa. Kokonta akwai citta da kanumfari da ɗan yaji mai kama maƙogwaro, irin na zangon Kumasi. Da fari mutanen Adar suna sha suna tari suna mita, daga baya sai ya zama in ba su sha ba gari bai waye musu ba. Gajera ce, baƙa, mai wushirya, ga saurin dariya ga saurin firgita. Ko akuya ce ta yi atishawa a bayanta sai ta dafe ƙirji ta yi salati.

A zangon Kumasi aka haife ta. Ubanta ɗan dakon goro ne, uwarta mai wankau, kuma duk sun rasu tun tana ƙarama. Wata tsohuwa mai masaukin baƙi ta riƙe ta. A masaukin nan Almustafa, mutumin Bambeye da ya tafi Kurmi ƙwadago, ya gan ta ya aure ta. Da tsohuwar ta rasu sai ya ɗauko ta zuwa gida, da Jummai goye a bayanta. Musa kuwa a Tawa aka haife shi. A duk tsawon hanyar nan ba wanda ya tambaye ta wata takarda.

Tsohuwar ta yi mata tarbiyya irin ta da. Tun ranar da aka ɗaura aurenta, sunan mijinta bai taɓa fita daga bakinta ba. Mai gida take cewa, ko kuwa "shi". Akwai wani mahauci a kasuwa mai suna Almustafa, shi ma ba ta kiransa, sai dai ta ce, "Mai sunan mai gida, a ba ni tsoka." Matan unguwa suna da irin wannan kunya, amma ta Laraba ta fi ta kowa. Sukan tsokane ta a wurin daka, ita kuwa sai ta rufe fuska da gefen zane tana dariya.

Sai ga wata shekara da gari ya yi tsit. Ana ta raɗe-raɗin cewa masu neman kifar da gwamnati daga Gana suke shigowa, don haka duk wanda aka ji ya fito daga can sai a zuba masa ido. Ana zuwa a ɗauki mutum a rumfarsa, ba a kuma jin labarinsa sai bayan watanni. Masu shan koko suka rage hira, wasu ma suka daina ce mata 'Yar Kumasi da ƙarfi. Ana cikin haka mai unguwa ya aiko cewa duk baƙon da ba a ƙasar nan aka haife shi ba ya nemi takardar zama, kuma za a kira kowa bariki a yi masa tambayoyi. Wanda bayaninsa bai gamsar ba, mota za ta kai shi iyaka.

Damina ce. Almustafa, wanda yanzu dillalin dabbobi ne, ya bi makiyaya arewa can wajen Abzinawa, inda saƙo ba ya iske mutum. Ba a sa ran dawowarsa sai kaka. Laraba ta lissafa abin da ta bari a Kumasi, ta ga ba kowa sai kaburbura uku. 'Ya'ya kuwa na ubansu ne, nan za a bar su.

Ƙanin mijinta, Inusa baduku, shi ya raka ta wurin Lauya Sidi. Shi Sidi tsohon akawun kotu ne da ya kafa tebur da keken rubutu a wani shago kusa da bariki, mutane suka laƙaba masa Lauya, shi ma bai ƙi ba. Ran nan shagon cike yake da baƙi, kowa na son a gama da shi. Ya tambayi sunanta, da na ubanta, da garin haihuwa, tana faɗa yana bugawa.

"Sunan miji?"

Laraba ta sunkuyar da kai. Can ta ɗago ta dubi Inusa, don ya faɗa a madadinta. Lauya Sidi ya san halin matan ƙasar, ya san mace ba ta kiran mijinta, sai dai ta nuna shi da ido. Ya yi murmushin wanda ya gane, ya juya ga Inusa.

"Kai, mi sunanka?"

Inusa ya ɗauka sunan shaida ake so. Ya faɗi nasa da na ubansa. Aka buga, aka dangwala musu yatsa, aka kira na gaba.

Ba su san abin da aka yi ba sai da takardar kira ta zo daga bariki. Laraba ta kai wa maƙwabciyarta Habsatu, ma'aikaciyar asibiti 'yar Damagaram, wadda ta yi lakwal, ta iya karatun boko. Habsatu ta karanta, ta sake karantawa, ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Laraba, yaushe kika sake miji ba mu ci goro ba?"

"Wane irin zance ne wannan, Yaya?"

"Nan an rubuta ke matar Inusa ce."

Inusa yana tsakar gidansu yana ɗinkin kube, yana jin su ta kan danga. Tsakaninsa da matar wansa dama akwai wasa, ya kwashe da dariya. "To, alhamdu lillahi! Abin da na daɗe ina nema, gwamnati ta ba ni kyauta. Maza a kawo mini tuwo, amarya!" Ya duba ya ga ba mai dariya. Basilla ta tsaya a hannunsa. Sai a lokacin ya tuna cewa yatsansa ma yana kan takardar.

Suka koma wurin Lauya Sidi. Bai musa ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Ya ce takarda ta riga ta shiga bariki, abin da ya shiga can kuwa ba ya fitowa a goge.

"To, ranka ya daɗe, yaya zan yi?"

"Ki bi takarda. In sun ce Inusa mijinki na, ki ce i. Shi ma ya ce i. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, gida guda, wa zai sani?"

"In suka ba ni Alƙur'ani fa?"

"Ba su cika ba da shi ba."

"In na faɗi gaskiya?"

Ya cire tabarau ya dube ta. "Mace daga Gana, da takardar ƙarya, a wannan shekara? Baiwar Allah, ki rufa wa kanki asiri, ki rufa mini."

Kwanakin da suka rage Laraba ba ta san yadda suka wuce ba. Ƙosai ya ƙone a kasko tana tsaye a kansa. In mota ta taso daga tasha ta nufi kudu, sai ta bi ta da ido har ƙura ta kwanta, tana ganin kanta a bayanta zaune kan buhu. Ta wanke kayan yara duka ta ninke. Ta kira Jummai ta koya mata yadda ake tace gasara, yarinyar da ko turmi ba ta kai ba. Ta ce da Habsatu, "Musa ba ya cin tuwo in ya kwana, sai an ɗumama masa. Ki riƙe wannan." Habsatu ta ce ta yi shiru da wannan baƙar magana, amma ita ma ta juya tana share ido.

A bayan ɗaki take gwada faɗa: Inusa mijina ne. Kalmomin suna fita, amma sai ta ji bakinta ya yi ɗaci kamar ta tauna maɗaci. Inusa kuwa ya daina wasa ɗungum. Yana da matarsa a Bambeye, sunanta na cikin rajistar haraji. In aka binciko fa? Duk da haka ya ce mata, "Matar yaya, abin da kika ce, shi zan ce. In ɗauri ne a ɗaure mu tare."

Ranar kira suka tafi da hantsi. Aka bar Inusa a waje, aka shigar da ita wani ɗaki mai ƙaramar taga. Mai tambaya babban ɗan sanda ne, siriri, ba ya ɗaga murya, abin da ya ƙara tsorata ta ke nan. Ya tambaye ta yaushe ta zo, wa ta sani a Kumasi, wa ke aiko mata wasiƙa, su wa ke zama wurin kokonta, me suke faɗa. Ta amsa ɗaya bayan ɗaya.

"Laraba, matar Inusa," ya karanta.

Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya ɗauki shirun nan kunya ce, ya wuce.

"Ɗiya nawa?"

"Biyu. Jummai da Musa."

Ya jawo keken rubutu, yana bugawa yana faɗa a hankali. "Jummai, ɗiyar Inusa. Musa, ɗan..."

"Ba nasa ba ne."

Ita kanta ba ta san ta yi magana ba. Keken ya tsaya. Mutumin ya jingina da kujera.

"Ba nasa ba ne? To, na wa ne?"

"Na wansa. Shi ne mai gidana. Wancan rakiya ya yi mini. Lauya ne ya..."

"Wato takardar ga ƙarya ce."

"Kuskure ne, ranka ya daɗe."

"Duk wanda ya shigo nan haka yake cewa. Ina mijin?"

"Yana arewa, wajen dabbobi."

"Mijin da ba ya nan, wanda ba ya cikin takarda. Mi sunansa?"

Laraba ta waiga dama, ta waiga hagu. Ba Inusa, ba Habsatu, sai bango da wani dogari a bakin ƙofa yana kallon rufi.

"Nan babu mai faɗa miki," in ji mai tambaya. "Ran Lahadi akwai motar da za ta iyaka. In ba ki da miji mai suna, kina cikinta."

Ta tuna tsohuwar da ta rene ta, wadda ta mutu ba a taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba. Ta ji kamar an ce ta tuɓe zane a tsakiyar kasuwa. Ta runtse ido.

"Almustafa."

"Ban ji ba."

"Almustafa ɗan Abubakar, mutumin Bambeye!"

Har dogarin bakin ƙofa ya waigo. Ita kuwa ta durƙushe ta rufe fuska tana kuka, kukan da ba ta san ko na tsoro ne ko na kunya ba.

Ba a sake ta nan take ba. Aka zaunar da ita a benci, aka shiga da Inusa shi kaɗai. Ya daɗe a ciki, ya fito kunnensa ɗaya a kumbure, amma abin da ya faɗa ya zo daidai da nata. Aka aika a kira Lauya Sidi, aka tarar da shago a rufe, wai ya tafi Ƙonni gaisuwar mutuwa. Sai bayan la'asar mai tambaya ya ba ta wata 'yar takarda ta wucin gadi. Ya ce duk mako ta zo ta dangwala yatsa, kada ta fita gari, har mijin ya zo da kansa da shaidu. In kaka ta wuce bai zo ba, magana ta koma farko.

Haka ta ƙarasa daminar. Duk ranar zuwa bariki sai ta yi sallama da yara kamar mai tafiya Makka. Ta rame, wushiryar nan aka daina ganinta. In an ce ga garke ya shigo daga arewa, sai ta bar kasko a wuta ta ruga kasuwar dabbobi.

Ana cikin yankan hatsi ya dawo. Ko ƙafa bai wanke ba ya ɗauki liman da mai unguwa suka tafi bariki, aka sake takarda da sunansa. Da suka dawo gida, Inusa ya ba shi labari duka, har da inda dogari ya waigo. Almustafa ya juya ya dubi matarsa tana hura wuta.

"Ashe dai kin san sunan nawa," ya ce. "Ni ina cewa ko ba a gaya miki ba ran ɗaurin aure. Ɗan sanda ya ji, dogari ya ji. Faɗa mini ko sau guda, ni ma in ji daɗinsa."

"Mai gida, ruwan wanka na hucewa."

Bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Dariyarta ta dawo sannu a hankali, amma tsoron bai bar ta duka ba. Har ƙarshen ranta, in ta hangi mai kaki ya nufo gindin aduwa, sai ta dafe ƙirji ta yi salati, ko da koko ya zo saya. Bayan 'yan shekaru, a wata bazara mai tsananin zafi, ciwon sanƙarau ya shigo unguwa ya ɗauke ta cikin kwanaki kaɗan. Jummai da Musa suna gefenta, Almustafa na riƙe da kanta. A maƙabartar Tawa aka binne ta, kuma masu shan koko da yawa sun bi gawar, har da waɗanda suka daina gaishe ta a waccan shekara.

Allah ya haskaka kabarinki, Laraba, ya kwantar miki da hankali inda kike. Ya raya abin da kika bari.