Gizagon Ramlagan

Ramlagan kafinta ne a garinmu Nickerie, ƙasar Suriname. Gadonsa ɗaya ne, gizagon da mahaifinsa ya zo da shi daga Indiya. A jikin ƙarfen akwai suwastika, alamar neman albarka da tsohon ya sassaƙa da hannunsa. Duk shekara Ramlagan yakan shafa mata jan gari, ya ɗora mata fure.

A 1975 ɗansa ya kira shi Holan, ya haɗa da gargaɗi: "Baba, mutanen nan ba su manta yaƙin Hitila ba, kuma irin alamar gizagonka ce a tutarsa. Idan 'yan kwastan suka ga alamar nan, dawo da kai za su yi."

Ramlagan ya ɗauki magagari ya zauna a ƙofar gida. Matarsa Phulmati ta ce, "To, mai gida, alamar da ta girmi kakan kakan Hitila ce za ka goge don ka faranta wa kwastan?"

"Ke dai haɗa kaya."

Ya goge ta tas. A filin jirgi babu wanda ya buɗe akwatinsa. A Holan kuma ba a neman kafinta, sai ya yi shekarunsa yana jera biskit a kwali.

Da ya dawo gida da tsufa, ya miƙa wa ƙanensa Sukhdeo gizagon. Sukhdeo ya juya shi, ya sake juyawa.

"Yaya, wannan ai na kasuwa ne. Ina na Baba?"

Ramlagan ya yi ta rantsuwa cewa na Baban ne, har ya gaji. Sukhdeo bai je jana'izarsa ba.