Abin da Ke Bakin Karfasa

Ni goyon kaka ne, kuma duk wanda ya zauna da ni kwana biyu sai ya gane, don har gobe in aka ba ni tuwo sai na tambayi ƙanzo. Ni ne ɗan fari a gidanmu, a wani ƙauye gab da Kaikai ta ƙasar Kusada. Ranar da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta saɓa ni a kafaɗa ta kai ni ɗakinta, ban kuma ƙara kwana a ɗakin mahaifiyata ba. Kakar nake kira Inna. Mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata, don haka na ji ƙannen babana suna kiranta. Ita ba ta kirana komai. Kunyar ɗan fari ta hana ta faɗin sunana, ta hana ta kallona a gaban mutane. In tana son aikena sai ta dubi bango ta ce, "Wani ya miƙo mini ludayi." Ni kuma da wautar yaro sai na ɗauka ba ta ƙaunata, na riƙe abin a raina.

Inna ta sangarta ni iyakar sangarta. Maigida take ce mini. "Maigida, yau ma ba cefane? Wannan wane irin miji ne, sai ci sai barci." Ta faɗa tana tura mini tsoka ta ƙarƙashin kwano don kada sauran yara su gani. Ina son matar nan, kuma ba zan ɓoye ba, har yanzu ina sonta, abin da ke damuna ke nan.

Da bazara, in an idar da magariba an ci tuwo, sai ta ja garwashi gefen murhu, ta sa a jawo buhun gyaɗar iri. Yaran gidanmu da na maƙwabta mu kewaye ta, kowa da ƙwaryarsa, muna ɓara tana ba mu tatsuniya. Dokarta ɗaya ce: in hannunka ya tsaya, bakinta ya tsaya. Gyaɗar da ta fashe, wadda ba za ta shuku ba, ita take turbuɗa mana a toka. Ta iya murya, wallahi. In ta yi ta kura sai ƙananan cikinmu su matso jikinta, in ta yi ta tsohuwar akuya har matan gidan da ke wanke-wanke sai ka ji sun fashe da dariya.

Yaya ba ta cikin masu dariyar a shekarar da nake magana. Bayana ta haifi uku, duka sun koma. Biyu ƙyanda ta ɗauke su. Ta ukun mace ce, aka yi mata abin da ake yi wa ɗiyan wabi, aka kai ta kan juji aka ajiye kamar ba a so, wata tsohuwa ta tsinto ta, aka sa mata Ayashe. Duk da haka zazzaɓin kwana uku ya tafi da ita tana gab da fara tafiya. Daga nan Yaya ta rame, ta daina magana in ba dole ba. Takan zauna a ƙofar ɗakinta baki a rufe gam, tana kallon ƙasa.

A cikin kwanakin nan ne tafkin bayan gari ya janye, maza suka shiga su, wato kamun kifi. Babana ya dawo da rabonsa a cikin bokiti, tarwaɗa biyu da karfasa masu yawa. Inna ce ta zauna gyara, muna tsugune muna kallo. Sai ta ɗauko wata 'yar ramammiya mai kumburarren maƙoshi, ta danna mata yatsa a baki. Wasu ƙwayoyi rawaya kamar tsabar gero suka zubo a tafin hannunta. Ta ɗauko wata, wannan da ta buɗe ta, 'yan mitsi-mitsin kifaye ne suka zubo, da idanunsu, wasu ma suna motsi.

"Kun gani ko?" in ji ta, da ƙarfi yadda duk tsakar gidan za a ji. "Ɗiyanta ne. Ita ta haife su, ita ke cinye su. Allah ya raba mu da mugun iri."

Duk garinmu haka aka sani. Ba wanda ya taɓa ganin karfasa a cikin ruwa tana harkarta, sai dai a hannu, ta mutu, da 'ya'ya a baki. Me mutum zai ce?

Da magaribar ranar Inna ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tahe, ku buɗe kunne."

Muka ce, "Ta iso, mun yi mata shimfiɗa."

Wai an yi wani kifi mutumin kirki, ya auro Karfasa daga wani tafki mai nisa. Da bakinsa ya haƙa mata ɗaki a cikin yashi, ya share shi tas. Karfasa ta haihu, dangi suka yi murna, kafin gari ya waye ɗiya sun ɓace. Aka zo gaisuwa, tana ta hawaye, amma ko an ce mata ya haƙuri sai dai ta gyaɗa kai. Mutane suka ce kai, wannan baiwar Allah da kunya take. Ta sake haihuwa, aka sake nema aka rasa. Har sau uku. Uwar mijin ce kaɗai ta lura cewa duk ranar da aka yi rashi kumatun amarya cike suke. Sai ta je ta sami Zalɓe a bakin ruwa ta ce ya taimake ta. Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya yana waƙa, a nan Inna ta siranta murya:

"Karfasa, Karfasa, buɗe mu gani,
Ina ɗiyan da kika haifa bara?
Ta ce um-um, ta ce um-um,
Ido na kuka, kumatu sun cika."

Ya yi ta yi har Karfasa ta leƙo, ya cafke ta ya matse, baki ya buɗe, ɗiya suka zubo. Kifaye suka taru suka kora ta can gefen da ruwa ya ƙafe, rana ta gasa ta a kan taɓo, ba wanda ya yi mata kuka.

"Ta ƙare, na murɗe wuyanta na jefa a toka," in ji Inna. "Abin da za ku riƙe shi ne, in kun ga mai yawan shiru, ku bincika bakinsa."

Muka yi ta shewa, muka sa ta maimaita waƙar har muka haddace. Yaya tana zaune a ƙofar ɗakinta, taku goma tsakaninmu. Babana yana zaure yana jin komai, ko tari bai yi ba. Inna ba ta ambaci sunan kowa ba, ba ta kuma taɓa furta kalmar maita ba, ko a ranar ko bayanta. Ba ta buƙata, yaran maƙwabta sun kai waƙar gidajensu a daren.

Kafin sati ya zagayo, in Yaya ta je rijiya sai mata su janye 'ya'yansu, mai goyo ta juya bayanta ga katanga. Aka daina aiko mata da yara kitso. Wata maƙwabciya da ɗanta ya yi zazzaɓi ta zo har tsakar gidanmu tana habaici. Liman ya yi faɗa a masallaci cewa zato zunubi ne, kowa ya ce gaskiya ne Malam, aka fito aka ci gaba. Yaya ta jure duk wannan, tana daka tana tuƙi, ba ta tanka wa kowa.

Sai ranar da na yi nawa. Da hantsi ne, tana zaune tana tsince wake, na zo wucewa da abokaina biyu. Ina son in burge su, kuma ina jin haushin matar da ba ta taɓa kiran sunana ba. Na tsaya a gabanta, na kumbura kumatu, na rera waƙar tun daga farko har ƙarshe, har da um-um ɗin, ina karkaɗa kai. Shekarata tara, na san abin da nake yi sarai, kada wani ya ba ni uzuri. Ta ɗago ta dube ni. Iya sanina wannan ne karo na farko da ta kalle ni ido cikin ido. Ta ajiye faifan ta shiga ɗaki.

Washegari ta ɗaure kayanta a zane ta tafi gidansu a Kunduru. Babana ya je biko sau ɗaya, don kada a ce bai je ba, daga baya ya aika da takarda. Inna ta soya mini ƙwai a ranar, na cinye.

Na girma, na yi karatu, na zama malamin firamare a Kankia. Yaya ta yi wani auren a can Kunduru, ta haifi huɗu, duka suna raye. Nakan je gaishe ta da salla, in durƙusa, ta amsa tana kallon gefe, in ajiye abin da na kawo in tashi. Inna ta rasu a hannuna, na yi kukan da ban yi wa kowa ba. Maganar waƙa kuwa na binne ta, na ce yarinta ce.

Shekaru kaɗan da suka wuce na yi sha'awar kiwon kifi a bayan gida, sai aka haɗa ni da wani Malam Sabi'u mai tafkunan karfasa a gefen gari. Na same shi tsaye cikin ruwa, yana kamo kifi ɗaya-ɗaya yana buɗe musu baki a cikin roba, ƙwai rawaya na zubowa. Don in nuna ni ma na san wani abu sai na ce, "Kana ƙwace su ne kafin ta cinye ko?"

Ya yi dariya har ya kusa sakin kifin. "Haba Malam Lawal, kai da kake koyar da yara. Cinyewa kuma? Reno take yi."

Ya fito ya zaunar da ni. Ya ce namijin ne ke haƙa rami a ƙasan ruwa, macen ta zo ta zuba ƙwai, shi ya bi ta kai ya ba su rai, nan take ta kwashe su a baki don kada wani ya cinye. Haka za ta yi ta juya su a hankali tana wanke su da ruwa har su ƙyanƙyashe, wajen sati biyu, kuma duk tsawon kwanakin nan ba ta cin komai, don in ta buɗe baki ta yi asara. Ko bayan ta sake su, in suka ga inuwar tsuntsu, da gudu suke komawa bakinta. Ya ɗauko wata da ta mutu a raga ya farke cikinta da wuƙa ya nuna mini, wayam.

"Shi ya sa ba ma son matan," in ji shi. "Ba sa girma, duk ƙarfinsu a reno yake ƙarewa, ga su cika maka tafki da ƙananan da ba mai saye. Maza muke ware wa abinci. Matan in sun yi yawa kaji muke ba."

Ban sayi kifi ba ranar. Na hau babur na nufi Kunduru, ban ma biya gida ba.

Na tarar da ita a inuwar ɗaki tana kaɗi, ta tsufa, gashi ya yi fari. Na durƙusa na kwashe duk abin da Malam Sabi'u ya faɗa na gaya mata, ina rawar baki kamar na zo da albishir. Ta bari na gama.

"Na sani," ta ce. "Tun ina budurwa nike gyaran kihi. Duk wadda na samu da ɗiya a baki, cikinta babu komi. Wanda ke ci ai ciki yake kaiwa."

"To Yaya, me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa ma wa? Tsohuwa ma ta sani, ta hi ni daɗewa tana gyaran kihi." Ta ci gaba da murza mazari. "Maganarta ba ta kore ni ba, uwar miji ce, ta rasa jikoki uku, dole ta nemi inda za ta aza. Na yi niyyar zama ko mi za a ce, don in riƙa ganin wani yana shiga yana hita. Da na ji waƙar a bakin wanin, sai na ga zaman ba shi da sauran amfani."

Ko a nan ba ta faɗi sunana ba. Na kifa kai a ƙasa, ni da furfurata, na ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta naɗe zaren da ta kaɗa a jikin mazari. Can ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na ce, "Amin. Amma ke, Yaya, ki ce kin yafe."

Ta kira jikarta ta ce a kawo wa baƙo ruwa.

Na daɗe ina tunanin darasin Inna. Ta ce mu bincika bakin mai shiru, kuma mun bincika, abin da ba ta koya mana ba shi ne mu tambayi abin da muka gani kafin mu yanke hukunci. Ita ta ƙera tatsuniyar, amma a hannuna ta yi yanka, kuma ni ne na ci ƙwai a ranar. Yanzu in na ji ɗalibaina sun tasa wani yaro gaba da waƙa, dukan da nake yi musu ya fi laifinsu, na sani, hedimasta ma ya yi mini magana.

Bayan wannan zuwan na koma Kunduru sau shida, kowane zuwa sai na roƙa, kowane roƙo amsar ɗaya ce. A na bakwai ban same ta ba, an riga an kai ta makwancinta tun da safe. Na tambayi ƙanwata da ta yi jinyarta ko ta bar mini wata magana. Ta yi ta tunani, don tana son ta samo mini wani abu, sannan ta girgiza kai ta ce a'a.