Ranar da Aka Rasa Mai Raka Verna

A gundumarmu ta yammacin jihar Nebraska shanu sun fi mutane yawa, kurkuku kuwa ba a taɓa ginawa ba. Duk wanda aka kama, gundumar maƙwabta ake kai shi, tafiyar rabin wuni. Doka kuma ta ce ba a ɗaukar mace a motar 'yan sanda sai da wata mace mai horo a gefenta.

Tun rasuwar mijinta, Verna Svoboda ce wannan macen, kuma ita kaɗai ce. Ko tana gyaran shinge, in Merle, shugaban 'yan sandan gunduma, ya bugo waya, sai ta wanke hannu, ta ɗauki zaren saƙarta, ta shiga kujerar baya. Mata da dama sun shiga motar da zagi, sun sauka sun iya saƙa safa.

Wata shekara, lokacin haihuwar shanu, maƙwabcinta Orval ya datse hanyar rafi da ƙofa da kwaɗo. Verna ba mai yawan magana ba ce. Ta dai hau tarakta. Ƙofar ba ta ƙara rufuwa ba, motar Orval da ke bayan ƙofar ma ta ɗan sauya kama.

Orval ya kai ƙara, aka ba da umarnin kamu. Merle ya same ta a garke, karsana kwance tana naƙuda, maraƙin ya juyo da baya. Likitan dabbobi ya yi nisa. In Verna ta tafi, uwa da ɗa ba za su ga yamma ba.

Merle ya faɗi abin da ya kawo shi yana kallon takalminsa. Ita ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To, Merle, wa za ta raka ni?"

Ya sosa ƙeya. Ya kira gundumar maƙwabta, aka ce tasu mai rakiyar tana jego. Can ya tambaya a hankali ko za ta yarda ta raka kanta.

"Ba na aiki ranar da aka kama ni."

Sai ya kira alƙali. Alƙali ya yi ta tari a waya, irin tarin da ba na mura ba, sannan ya ce a bar ta gida, ta kawo kanta kotu ranar Litinin.

"Tunda ka rasa abin yi," in ji Verna, "tuɓe wannan rigar ka kama igiyar da na ɗaura a ƙafafun maraƙin. Ja a hankali, ba ɓarawo ba ne."

Suka ja tare. Maraƙin ya faɗo kan ciyawa, ya yi atishawa, uwar ta juyo tana lasarsa.