Inda Baba Yake Tsayawa

Gidanmu na Birni ginin kakanni ne, bangonsa kauri gare shi ba na wasa ba. Zafin rana ba ya ratsa shi, ƙarar kabu-kabu ba ta ratsa shi, balle rezo, wato sabis ɗin waya. Akwatin wifi da yayana ya sa aka haɗa mana tun daga Aljeriya, inda yake aikin gareji, a zaure yake zaune wajen Baba, kuma ƙarfinsa bai wuce soron ciki ba. Kana taka tsakar gida, shi ke nan, waya ta mutu a hannunka.

Wannan bai taɓa damun kowa ba, don Inna ba ta magana da Yaya. Ba faɗa suka yi ba, Allah ya kiyaye. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari har ƙashi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa jin ta ce masa “kai” ba. “Wancan” take cewa, ko “mutumin naku”. Ko yana tsaye a gabanta, ni za ta duba ta ce, “Ki ce masa tuwonsa na nan a rufe.”

Da Yaya ya tafi Aljeriya, Baba ya zama ɗan aike. In Yaya ya kira, su gama hirarsu a zaure, sai Baba ya jawo takalmi ya zo bakin soron ciki, daidai ƙusar da yake rataye hularsa, ya tsaya ya yi gyaran murya. Ba zai dubi Inna ba. Sama zai duba ya ce, “Wai mutanen Aljeriya suna gai da mutanen gida. Wai an yi sanyi bana.” Inna tana tankaɗe kamar ba da ita ake ba. Can sai ta kori kaza, ta ce wa kazar, “A dai riƙa rufe ƙirji.” Baba ya juya ya kai saƙo. Muna yara-yara muna dariyarsu, su ko a jikinsu.

Da Baba ya rasu, Yaya bai samu zuwa ba, takardunsa ba su ba shi damar fita ya koma ba. Inna ta shiga takaba a ɗakinta na can ƙurya, zaure kuma ya cika da maza masu gaisuwa. Ba za ta fito can ba, rezo ba zai shiga wurinta ba, mai kai saƙon kuma yana ƙasa. Ni nake tsugunawa a soro in ɗauki kiran Yaya, muryarsa a dushe yana tambaya, “Tana cin abinci? Ta tambaye ni?” In ce masa e. Wallahi ba ta tambaya ba, amma duk shigar da zan yi sai ta bi wayar hannuna da ido. Abin ya riƙa ci mini rai. Na ji tsoron kada su biyun nan su ƙare rayuwa kowa yana jiran a ce masa wani abu.

Yaya ne ya ce in sayi akwati na biyu, wanda zai karɓi rezon na zaure ya miƙa ciki. Na hau kabu-kabu zuwa Zango, na samo shi a wata butik mai sayar da kayan waya, aka saita mini shi da kod ɗin sirri na akwatin gida. Na dawo da zumuɗina na kai shi ɗakin Inna, na ture kwanonin jerenta na ɗora shi a kan kabad.

“Ke, wannan mai ƙahon fa?”

“Baƙo ne, Inna. Ba ya cin tuwo, wutar kuran kawai yake sha.”

Na jona, fitila ta kawo ja. Na kashe na kunna, ja. Na juya ƙahonninsa gabas da yamma, na ɗaga shi sama kamar mai shanya, ja dai. Na fita soro ina huci na kira Yaya, na ce an cuce ni, an sayar mini da mushe. Sai ya fashe da dariya, rabon da in ji dariyarsa tun kafin rasuwar. Ya ce, “Ke dai da gaggawa. Ai ba a kai shi inda babu. Tsakani ake sa shi, inda zai ji na zaure, na ɗaka kuma su ji shi.”

Na jawo doguwar waya ina tafe da akwatin a hannu, taku ɗaya in tsaya in duba. A ƙofar Inna ja, a gindin randa ja, a wajen turmi yana ƙifta ido. Ina isa bakin soron ciki fitila ta koma kore. Na ɗaga kai neman inda zan rataye shi, sai ga ƙusar hular Baba. Na daɗe a tsaye a wurin kafin hannuna ya yarda.

Bayan la'asar na shiga ɗakin Inna, na kira Yaya ta bidiyo, sai ga fuskarsa tar. Inna ta ja mayafi, ta juya wa wayar gefe.

“Ki ce masa mun ji gaisuwarsa.”

“Yaya, wai an ji gaisuwarka.”

“Ki ce masa ya yi haƙuri, uban kowa tafiya yake.”

Na buɗe baki zan maimaita, sai haushi da tausayi suka taso mini tare. Na ce, “Haba Inna! Yana jin ki fa. Ni ba Baba ba ce, ban iya ba.” Na jingina wayar da buta a kan tabarmarta, na fice. Ban yi nisa ba, a gindin ƙusar nan na tsaya.

Na fara cizon yatsa, na ce na ɓata abin. Sai na ji Yaya a hankali ya ce, “Inna, ga ni.” Na ji motsin tabarma, na ji butar ta goce, alamar ta ɗauki wayar da hannunta.

“Kai,” in ji ta. Kalmar ta fito da ƙyar, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. “Kai, haka ka rame? Ba ka cin abinci ne?”

Yaya, ƙato da gemunsa, kuka yake yi, ina jin shi har soro. Ita kuma tana ta cewa, “Ya isa, ya isa. Kai ne babba yanzu, yi shiru mana.”