Ɗaurayar Tambulan a Gidan Ulysse

"Ni dai na ce maka haɗin nan ya canza," in ji Philomene, matar ƙanin Ulysse, ta ture tambulan ɗin gefe. "Sai ka ce maganin tari."

"Bakinki ne ya tsufa, Filo."

"To, na maƙwabciyarka Madam Aurelie fa? A tukunyar fure ta juye nata makon jiya, da idona na gani."

Ulysse Doucette ya ɗauke tambulan ɗin. Tun yana saurayi yake hawa rufin gidajen New Orleans yana toshe yoyo, har gwiwa ta sauko da shi. Bai taɓa aure ba. Abin da yake da shi kawai baranda ce, da maƙwabtan da ke cika ta duk yammacin Litinin don wake da shinkafa da haɗin giyar nan nasa. Idan haɗin ya lalace, ya san ba wanda zai faɗa masa. Ɗaya bayan ɗaya za su zame, ya rage daga shi sai kujeru.

"Haɗa wani ina kallo, Yaya."

Ya yi yadda mahaifinsa ya koya masa. Ya cika tambulan ɗaya da ƙanƙara don ya yi sanyi. A ɗayan ya murƙushe sukari da ɗigon jan ruwan ɗaci, ya zuba wiski rabi, burandi rabi, ya juya a hankali. Sannan ya zubar da ƙanƙarar, ya ɗauko koriyar giyar nan mai ƙarfin ƙamshi. Ita ba shan ta ake yi ba, ɗauraye tambulan kawai ake yi da ita a zubar, kuma ba ta da ma'auni sai hanci. Ya ɗauraye, ya shinshina, ya ƙara. Ya sake shinshinawa, ya bar saura a gindin tambulan.

Philomene ta zuba masa ido.

"Me ka ji da ka shinshina?"

"Abin da ake ji."

"Wakenka fa ya fara ƙauri tun ɗazu. Shi ka ji?"

Ya ajiye kwalbar. "Tun murar bara," ya ce. "Ko fentin jirgi aka sa mini a hanci, ba na ji."

"Shi ne kake ɗura wa mutane? Miƙo wani."

Ya ɗauraye sabo, ya zubar, ya kai mata hanci.

"Ya isa. Kada ka ƙara ko ɗigo."

Ya juye haɗin, ya matse ɓawon lemun tsami a kai, ya yar da ɓawon. Ta kurɓa, ta lumshe ido, ta sake kurɓa.

"Duk Litinin zan riƙa zuwa da wuri in shinshina maka," ta ce. "Amma tambulan na farko nawa ne."

"Da ma kwaɗayi ya kawo ki."

Ya rataya tsumma a kafaɗa, ya nufi kicin wurin waken yana ɗingishi.